Ranar da Wuta Ta Tafi da Shafi 30

Na yi shekara biyu ina buga takardu a wani shago kusa da kasuwar IBB a Suleja. Wata Alhamis wata ɗaliba ta kawo aikinta na kammala karatu, rubutun hannu. Tun hantsi nake bugawa har na kai shafi 30, ko sau ɗaya ban adana ba. Ana kiran la'asar aka ɗauke wuta. Da muka tayar da janareto, ko harafi babu. Tana zaune a benci rungume da jakarta ta ce, "Malam, ai da idona na ga rubutun." Har yau maganar tana sukata.

Mai gyaran kwamfutar da ke maƙwabtaka da mu ne ya zaunar da ni. Ya ce, "Ƙanena, kwamfuta ba ma'aji ɗaya gare ta ba." Abin da kake bugawa yana kan RAM ne, kamar kayan da ɗan kasuwa ya baza a tebur. Faifan ajiya shi ne sito: yana da nisa, amma abin da ya shiga ya kwana lafiya. Cikin furosesa kuma akwai wani ɗan ƙaramin ma'aji mai tsananin sauri, kamar canjin aljihu, nan take fara lalubawa kafin ta miƙa hannu tebur.

Abin da ya fi ba ni mamaki daga baya na karanta shi. Irin RAM ɗin da muke amfani da shi, wanda Robert Dennard na kamfanin IBM ya ƙirƙiro a 1966, ƙananan gurabe ne masu riƙe ɗigon lantarki, kuma yoyo suke yi. Dole a riƙa sabunta su wajen sau 15 a kowace daƙiƙa. Ashe ko da wuta, tuni ake yi masa ba fashi. Ina ga an ɗauke ta?

Nan na gane dalilin nawar kwamfutarmu ma. Gig 2 ne RAM ɗinta. Da tebur ya cika sai ta dinga safa da marwa zuwa sito. Da na ƙara RAM ɗin, sai ka ce sabuwa. Masu sayen kwamfuta kuwa girman faifai kawai suke tambaya, kuma kuskure ne.

Na kwana na sake buga mata aikin, ban karɓi ko kwabo ba. Ɗan'uwa mai aiki da kwamfuta, don Allah duk sakin layin da ka gama, danna Ctrl da S kafin ka ci gaba.