Na je Ede don ganin jami'ar da 'yata ta ƙwallafa wa rai

Tun da 'yata ta shiga ajin ƙarshe na sakandare take damuna da magana ɗaya: bayoloji za ta karanta, kuma a Jami'ar Redeemer's da ke Ede a jihar Osun. Mu Musulmi ne, haifaffun Sabon Ibadan, jami'ar kuwa ta coci ce. Mahaifiyarta ta ce ba da yawunta ba. Kakarta ko sauraro ba ta tsaya yi ba, cewa ta yi makarantu sun ƙare ne a ƙasar nan? Ni dai na ga bai dace in yanke hukunci a kan wurin da ban taɓa takawa ba. Da ma ina da abokin aiki, Kirista mutumin Kafanchan, wanda 'yarsa ke aji uku a can, kuma a wajenta tawa ta kwaso wannan sha'awar. Da ya ce zai kai mata saƙo wata Asabar, sai na ce ya rage mini hanya.

Mun bar Ibadan da farar safiya ta hanyar Ife. A Ikire muka tsaya sayen soyayyar ayabar nan tasu mai barkono da manja, wadda ba a wucewa ba a yi tsarabarta ba. A Gbongan muka karkata zuwa hanyar Osogbo. Abin da na riƙa gani a gefen titi, wanda a lokacin ban ɗauke shi komai ba, shi ne shanyar rogo fari fat a kan duwatsu da bakin kwalta, ba mai tsaro. Kafin rana ta take muna Akoda, inda ake shiga jami'ar.

Wanda bai san Ede ba zai zaci garin Kiristoci ne saboda jami'o'in da ke ciki. Ba haka ba ne. Tsohon garin Yarbawa ne a bakin kogin Osun, sarkinsu ana ce masa Timi, kuma yawancin mutanensa Musulmi ne. Azahar ta same ni a cikin gari, ban yi wahalar neman masallaci ba, ladanai har suna haɗa baki. Jami'ar ita ce baƙuwa. Cocin Redeemed ne ya kafa ta a 2005 a sansaninsa da ke kan hanyar Legas zuwa Ibadan, sai a 2014 ta tare a nan.

Yarinyar ta tarbe mu da murna, ta durƙusa ta gaishe ni da Hausarta ta Kafanchan. Muka sami inuwa muka zauna. Na ce, “To 'yata, ki gaya mini tsakani da Allah, me kuke karantawa a nan da ya sa ƙanwarki ta hana mu barci?”

Ta yi dariya ta ce, “Baba, shekarar farko ba abin da zai burge ka. Lissafi ne da kemistiri da fiziks, da zanen ganye da kifi. Daɗin yana aji biyu zuwa uku.” Ta ciro waya ta nuna mini hoton wasu faifai biyu na roba masu wani abu kamar daskararren kunu a ciki. A na farko ta dangwala yatsunta kafin ta wanke hannu, a na biyu bayan ta wanke da sabulu. An ajiye su kwana ɗaya a ɗumi irin na jikin mutum. Na farkon ya cika da ɗige-ɗige farare da ruwan ɗorawa, kowane ɗigo tarin ƙwayoyin cuta ne da suka hayayyafa. Na biyun 'yan kaɗan ne. Shekara nawa ina jin ana cewa a wanke hannu a rediyo, amma ban taɓa jin kunyar tafin hannuna ba sai ranar. Ta kuma nuna mini yadda ake shafa ɗigon jini a gilashi, a rina shi, a leƙa ta madubin likita a ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kamar ƙaramin zobe a cikin ƙwayar jini.

Abin da ya fitar da sunan wannan jami'a kuwa shi ne cibiyarta ta binciken ƙwayoyin gadon cututtuka masu yaɗuwa, wadda Farfesa Christian Happi, haifaffen Kamaru, ke jagoranta. Ba mu shiga ba, ba wurin 'yan ziyara ba ne. Amma aikinta sananne ne. Lokacin da wani matafiyi daga Laberiya ya shigo Legas da cutar Ebola a watan Yulin 2014, ɗakin gwajin Happi na cikin waɗanda suka tabbatar da cewa ita ce. Mutum 8 suka rasu, kuma zuwa 20 ga Oktoba aka bayyana Najeriya ta rabu da cutar. A watan Maris na 2020 kuma, da haɗin gwiwar masu bincike na Legas, a nan aka fara karanta cikakken tsarin ƙwayar korona a duk nahiyar Afirka.

Sai dai ba waɗannan suka fi tsaya mini a rai ba. Zazzaɓin Lassa ne. Yarinyar ta tambaye ni ko na san inda sunan ya samo asali. Na ce a'a. Ta ce, “Ai naku ne, Baba. Lassa gari ne a kudancin Borno, a can aka fara gano cutar a 1969.” Wani nau'in ɓera mai nonuwa da yawa ke ɗauke da ita, shi ba ta yi masa komai, sai ya bar ta a fitsarinsa da kashinsa a kan abinci. Tana iya yin har kwana 21 a jiki kafin ta bayyana, kuma farkonta kamar zazzaɓin sauro take, shi ya sa ake ɓata kwanaki ana sayen magani a kemis. Yawancin masu kamuwa ba sa jin jiki sosai, amma wanda ta kama da ƙarfi tana kisa, tana da haɗari ƙwarai ga mai ciki, wasu kuma da suka tashi sai su tashi da kurumta. Da rani ta fi yawa, kuma Ondo da Edo da Bauchi ne sukan fi yawan masu ita. A annobar 2018 an ji tsoron ko ƙwayar ta sauya ta fara bin mutane kai tsaye. Da masu binciken Ede da abokan aikinsu suka karanta ƙwayoyin da aka samu a jikin majinyata, sai suka ga yawancin kamuwar daga ɓera take zuwa, ba daga mutum ba. Wato fagen yaƙin shi ne ɗakin girki da rumbu da wurin shanya. Nan take na tuna da rogon da muka wuce a hanya, na kuma tuna da buhun garin kwakinmu da ke jingine a bayan ƙofa, baki a buɗe.

Daga nan na kawo maganar da ta kawo ni. Abokina ya ce bari ya ba mu wuri, na ce zauna, ba abin ɓoyo ba ne. Yarinyar ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce, “Baba, nan gidan coci ne, kuma ba su ɓoye wa kowa ba. Ibada tana cikin tsarin mako kamar lacca. Duk a ciki muke kwana, fita sai da izini.” Na ga gaskiyarta, na kuma ga gaskiyarsu. Wanda ya gina gidansa shi ke shimfiɗa dokarsa, kamar yadda Jami'ar Fountain ta ƙungiyar NASFAT da ke nan kusa a Osogbo, ko Al-Hikmah ta Ilorin, suke da nasu tsarin. Laifin namu ne iyaye idan muka biya kuɗi ba mu karanta littafin dokokin ɗalibai ba, ba mu tambayi batun sallah da azumi da sutura ba, sannan mu dawo muna ƙorafi. Na tambaye ta batun darasin da ke cewa halittu sun samo asali daga juna, don na san kakar 'yata za ta tambaya. Ta ce ana koyar da shi kamar ko'ina, kuma mahaifiyarta ma ta taɓa yi mata wannan tambayar.

Akwai abu ɗaya da nake so iyaye su ji da kyau, don ni kaina ban sani ba sai ranar. Digirin bayoloji na shekara huɗu ba ya mai da yaro likita, kuma ba shi ne kwas ɗin ma'aikatan gwajin jini na asibiti ba, wannan shekara biyar ne da lasisinsa daban. Mai bayoloji yakan koyar, ko ya shiga kamfanin abinci da magani, ko ya ci gaba zuwa digiri na biyu ya zama mai bincike. Kuɗin makarantar kuma abokina ya faɗa mini a mota, sai da na yi shiru har muka wuce Sekona. Ya ce shi yajin aikin wata takwas na 2022 ne ya sa ya rufe ido ya sayar da filinsa.

Da na dawo gida na zaunar da uwa da 'ya na ba su labari duka, ban rage ba. Mun tsaya a kan za ta cika Jami'ar Ibadan a takardar JAMB, ta yi digirin farko tana kusa da mu, in Allah Ya sa ta fito da sakamako mai kyau ni da kaina zan raka ta Ede neman na biyu. Ta yi kwana biyu tana kumbure-kumbure. Mahaifiyarta kuwa washegari ta aika aka sayo robobi uku masu murfi, ta juye gari da shinkafa da wake, ta sa aka kira mai siminti ya toshe ramin da ke bayan murhu.