Tafrawut: garin da baƙi ke zuwa da gidansu bisa mota

Tafrawut ƙaramin gari ne a kudancin ƙasar Maroko. Yana can bisa, cikin duwatsun da ake kira Anti-Atlas. Duk inda mutum ya duba, duwatsu ne jajaye, manya-manya, wani bisa wani kamar da hannu aka jera su. Mutanen wurin Musulmi ne. Harshensu Tashalhit, ɗan'uwan Tamashek na Buzaye. Har rubutun da ke bisa allunan ma'aikatunsu dangin Tifinag ne, wanda Buzaye suka sani tun kaka da kakanni.

Kowace shekara, in sanyi ya kama ƙasashen Turai, waɗansu baƙi na sauka garin. Ba su neman masauki, don da gidansu suka zo. Gidan nan mota ce, Faransawa na ce mata kampin-kar. Tsawonta metir 6 ko 7. Cikinta akwai gado, da murhun gaz, da firigo, da wurin wanka, da ɗan makewayi. Bisa rufinta akwai faranti mai kama hasken rana, shi ke cika batir. Mafi yawan motocin nan ba su wuce ton 3 da rabi ba, don mai takardar tuƙin ƙaramar mota ya iya jan su.

Yawancin masu su dattawa ne, miji da mata, waɗanda suka aje aiki suna cin fansho. Daga Faransa suke zuwa, da Jamus, da Holan, da Ingila. Suna sa motar cikin jirgin ruwa a Aljeziras, ƙasar Sipaniya, su sauka kusa da Tanja. Tekun da ke tsakani, inda ya fi matsewa, kilometir 14 ne kaɗai. Hukumar Maroko na ba su kwana 90. Daga Tanja zuwa Agadir kusan kilometir 800 ne, hanya mai kyau. Daga Agadir ne wuya take farawa.

Abin da ya rage bai kai kilometir 200 ba, amma sai ya ci wa mutum awa 3 ko fiye. Hanya tana hawa, tana murɗewa, dutsi hannun dama, rami hannun hagu. Wurin gangara direba ba ya dogara ga burki kaɗai. In ya daɗe yana taka shi, sai ya yi zafi ya bar kamawa, ga mota da nauyi. Da injin ake riƙe ta, a sauka sannu. In dare ya kusa, mai hankali ba ya kwana cikin ƙorama, ko da ta bushe ƙayau. Ana iya yin ruwa can bisa tsauni, ba ka ga hadari ba, sai ambaliya ta iske ka kwance. A watan Nuwamba 2014 irin wannan ruwa ya kashe mutum fiye da 30 a kudancin Maroko.

In sun iso, waɗansu na shiga wuraren da aka kewaye don baƙi. Da yawa kuwa fili suka fi so, bayan gari, tsakanin dabinai da duwatsu. Mai gadi na bi yana karɓar ɗan kuɗi na kwana. Watan Fabrairu ne wurin ke cika, motoci ɗaruruwa, farare fat. Lokacin ne itacen lauz ke fure. Ɗansa kamar gujiya yake, sai dai ya fi ta tsawo, ɓawonsa kuma da tauri. Rana da ɗumi, dare da sanyi mai shiga ƙashi.

Tun da safe kasuwa ke biyo baƙi har bakin ƙofa. Ga mai burodi, ga mai motar ruwa, ga mace mai karɓar wanki, ga wadda za ta dafo abinci ta kawo da maraice. Makanikan garin sun yi suna wajen gyaran jikin mota da shafa fenti, kuma aikinsu ya fi na Turai araha nesa. Akwai baƙon da don wannan kaɗai yake hawowa. Dukawa ma suna samu: takalmin fata na Tafrawut sananne ne, rawaya na maza, ja na mata. Mata kuma suna saida man argan. Argan itace ne mai ƙaya, ya yi kama da aduwa, awaki na hawansa har ƙoli su ci ƴaƴa. Da dutsi mata ke fasa ƙwallonsa, ɗaya bayan ɗaya. Sai an tara ƴaƴa kilo 30 ko fiye kafin a samu litir guda na mai.

Ga abin mamaki. Mazan wannan yanki sun daɗe suna tafiya bida. Su ne masu kantuna a Kazablanka, da Tanja, har Paris. Da kuɗinsu aka gina manyan gidajen da ke kwarin Ammeln, ƙarƙashin tsaunin Lekst, amma da yawa rufe suke sai lokacin hutu. Gonakin da kakanni suka yi hawa-hawa a jikin dutsi, waɗansu sun koma saura. Ɗan gari ya yi arewa neman kuɗi, mutumin arewa ya yo kudu neman rana.

A 1984 wani mutumin Beljik, Jean Vérame, ya shafe waɗansu duwatsu kudu da garin da fenti ton 18, yawanci shuɗi. Baƙi na zuwa kallo. Manomi dai zai ce ɓarnar fenti ce.

To, ina zancen ruwa? Nan ne magana take. Maroko ta sha fari shekaru a jere. A Fabrairu 2025 hukuma ta ce dabbobin ƙasar sun ragu da kashi 38 cikin 100 in an gwada da 2016. Har Sarki Muhammadu na 6 ya roƙi jama'a kada su yanka ragon layya a shekarar. Makiyayi ya san nauyin wannan magana. A irin wannan ƙasa, kowa na duban wanda ke ɗibar ruwa.

Amma a faɗi gaskiya. Tankin motar nan wajen litir 100 yake ci, abin da shanu 4 za su sha a yini. Mutum biyu na yin kwana 3 ko 4 da shi, sha da dafuwa da wanka. Wanda ke ɗauke da ruwansa ya san tattalinsa. Masu shan ruwa da gaske suna can gangare, wajen Agadir: manyan garake na tumatir da lemu da ake kaiwa Turai.

Inda baƙo ke iya cuta, wurin ƙazanta ne. Makewayin motar ɗan akwati ne, bai wuce litir 20 ba. Kwana 2 ko 3 ya cika. Mafi yawa suna zuba masa magani don kashe wari. Akwai ramin da aka tanada don juye shi. Malalaci kuwa sai ya bari dare ya yi, ya juye bayan dutsi ko cikin ƙorama. Nan awaki ke kiwo. Nan ruwan sama zai bi ya gangara wajen rijiyoyi. Shi mai motar gobe ya tada injin ya wuce. Mai akuya yana nan.

Cinikin baƙi kuma ba kamar rumbu ba ne, da za a ce yana nan aje. A watan Maris 2020, da cutar korona ta ɓarke, Maroko ta rufe iyakokinta. Jiragen ruwa suka tsaya. Dubban masu irin motocin nan suka maƙale cikin ƙasar, waɗansu makonni, waɗansu watanni. Sanyin da ya biyo baya, baƙi kaɗan suka zo. Mai burodi da makaniki suka ji a jikinsu. Sai daga 2022, da jirage suka koma aiki, motocin suka sake hawowa.

Zamansu ba ya wuce farkon zafi. Afrilu na kamawa, sai su naɗe rumfunansu, su cika tanki, su bi hanyar Tanja ɗaya bayan ɗaya.