Ƙofar Marke: Daga Rinin Tufa Zuwa Madubin Likita

Uwargida, in kin je Sakkwato, ki ce wa mai Keke Napep ya kai ki Ƙofar Marke. Tana cikin tsofaffin ƙofofin birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809. Yau unguwa ce mai cike da jama'a, amma sunanta na bishiya ne, kamar na Ƙofar Taramniya. Marken nan kuwa itacen rini ne. Ana dafa ganyensa a samu ruwan ɗorawa, kuma har yau masu zanen laka na ƙasar Mali da shi suke fara jiƙa tufa.

Sakkwato ta daɗe da sanin sirrin launi. Majema na jeme fatar jar akuya da bagaruwa, dukawa su rina ta da karan dafi, ke kuma ga lalle a tafin hannunki.

To, ashe ɗakin gwaji ma marina ce. Funfuna da ƙwayar da ke jawo makero a kan yara zare-zare ne sirara, kusan marasa launi. Idan aka raino su daga abin da aka kankaro a fata, sai an ɗiga musu rini kafin su fito sarai a madubin likita. Shuɗin rinin da aka saba amfani da shi daga waje ake shigo da shi, kuma yana ɗauke da fenol, sinadari mai ƙona fata. Shi ya sa masu bincike a jami'o'in Najeriya ke gwada ruwan zoɓo, lalle da kurkum a madadinsa. Matsalarsu ita ce launin kan koɗe da wuri. Kada ki raina abin: rinin da asibitocin duniya suka fi amfani da shi wajen duba naman jiki, hematoksilin, daga itacen wata bishiyar Meziko ake tatso shi.

Sai dai rini nunawa yake, ba ya warkarwa. In kin ga gashin ɗanki na zubewa da'ira-da'ira, da fari-fari kamar toka, ki kai shi asibiti a duba. Makeron kai ba ya jin man shafawa kaɗai, sai da maganin sha na makonni. Ki kuma ware masa matajinsa da hularsa, kada 'yan'uwansa su ɗauka.

A garinku fa, da wane ganye kakanni ke rini? Ki gaya mana a ƙasa.