Kafin ka tare a gona, yi lissafin ranar ciwo



Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, na lura hirar magidanta a Jimeta da Yola ta sauya. Kuɗin haya ya hau, kuɗin wuta ya hau, wutar ma sai ta ga dama take zuwa. Sai ka ji mutum yana cewa shi kam zai sayi fili a bayan gari, ya gina ɗaki biyu a tsakiyar gonarsa, ya kafa sola, ya haƙa rijiya, ya huta da bil ɗin wuta da masu kurar ruwa. Wataƙila kai ma tunanin ya taɓa zo maka.

Mahaifina yana cikin waɗanda suka aikata. Bayan ya yi ritaya daga koyarwa, Baffa ya gina ɗaki biyu da rumfa a gonarsa da ke Mbamba, a ƙaramar hukumar Yola ta Kudu, suka tare shi da Inna. 'Yan'uwana sun so a hana shi saboda yana da ciwon suga kuma allurar insulin yake yi. Ni da na karanta harhaɗa magunguna aka sa a gaba in ba shi tsoro. Na ƙi, domin na san zaman kashe wando a cikin gari ma yana cinye mai suga. Sharaɗi na kafa masa: a gina gidan da lissafin ranar da jiki zai ƙi daɗi. Ga abin da muka lissafa, ko zai amfane ka.

Na farko shi ne zafi. Kowa ya san Yola a watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40. Insulin da ba a buɗe ba yana buƙatar sanyin firji, tsakanin 2 zuwa 8, kuma idan ya daskare ya lalace. Wanda aka fara amfani da shi yakan yi kimanin mako huɗu a waje, muddin zafi bai wuce 30 ba. Ɗakin kwano mara silin da rana tsaka ya fi haka nesa ba kusa ba. Abin tsoron shi ne kwalbar ba lallai ta nuna alama ba. Mutum yana yin allurarsa a kan lokaci, suga na ta hawa, yana zargin tuwo. Saboda haka kafin talabijin, ƙaramin firji muka fara ɗora wa sola, da batirin da zai riƙe shi har asuba. Lokacin hunturu kuma sai an riƙa goge ƙura daga kan faifan, in ba haka ba caji ya ragu.

Da yake na'ura ba ta da alƙawari, mun tanadi tukunya biyu, ƙarama a cikin babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu. Wannan dabara ce ta sa malami Mohammed Bah Abba, wanda ya yaɗa ta a ƙauyukan Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ruwan da ke tsanewa daga jikin tukunya shi ke janye zafi, don haka ta fi aiki da rani. Da damina ƙarfinta kan ragu. Ana sa kwalbar a cikin roba mai murfi don kada ta jiƙe, a ajiye tukunyar a inuwa mai iska. Ba ta kai firji ba, amma tana tsare kwalbar da ake amfani da ita a ranar da batir ya mutu.

Aikin gona kansa yana sauke suga, wani lokaci fiye da kima. Baffa ba ya fita noma bai karya ba, kuma aljihunsa ba ya rabuwa da ƙwayar suga ko dabino. Inna ta san alamun: gumi, rawar jiki, magana ba kan gado.

Na biyu maciji. Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe da nisa, tana da yawa a wannan yanki namu. Dafinta yana hana jini daskarewa, kuma wanda ta sara zai iya zama garau na wasu sa'o'i kafin dasashinsa ya fara zubar da jini. Kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe ko abin hannu, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti. Tun kana lafiya ka bincika asibitin da ke da maganin dafi a Yola, domin asibitin da ya shahara da wannan aiki yana Kaltungo ne a Jihar Gombe, tafiyar sa'o'i. Takalmin roba mai tsawo da tocila da dare sun fi komai arha, ga mai suga kuma takalmin na kare ƙafa daga ƙaya da sarar fartanya.

Na uku ruwa, na sha da na ambaliya. Masai ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30, kuma ya kasance ta gangare. Ruwan sha a tafasa ko a sa masa sinadarin kulorin. Kafin ka sa harsashi, tambayi dattawan wurin inda ruwa ya kai a 2012 da 2022, shekarun da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, Kogin Binuwai ya cika ya batse. Su suka san tudu na gaskiya.

Sauran ƙanana ne a faɗa, manya a aiki. Raga a taga da gidan sauro a kowane gado, zazzaɓi kuma a gwada jini kafin a sha magani. Maganin feshi a kulle shi a wani ɗaki daban, kada a taɓa zuba shi a gorar lemo inda jikoki ke zuwa hutu. Janareto, idan akwai, can waje nesa da taga, domin hayaƙinsa na kisa cikin barci. Sai babbar tambaya: ƙarfe biyun dare, ana ruwan sama, wa zai kai ka asibiti? Mun yi magana da maƙwabci mai Keke Napep, lambarsa na rubuce a jikin bango. Idan akwai mai juna biyu a gidan, ta dawo cikin gari tun watan haihuwa bai kama ba.

Yau Baffa yana cin masara da kuɓewar da ya shuka da hannunsa, yana barci ba ƙarar janareton maƙwabta. Duk Asabar nakan je in duba littafin da yake rubuta awon sugansa, in leƙa firji, in taɓa yashin tukunya in ji ko da danshi. Idan kai ma zuciyarka ta karkata gona, bismilla, sai dai ka sa kuɗin firji da takalmi da abin hawa a cikin lissafin bulo da kwano.

Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.