'Yar Jif Ɗin Da Ta Hau Da Mu Mambila

A shekarun da nake aiki a Jalingo, shatar mota ba ta da ofis, ba ta da takarda. Wajen wanda ya san wani za ka je, a yi ciniki a inuwa, a ba ka mota da direbanta. Mai naka, abincin direba naka, kuɗin kwanaki kuwa sai an dawo a ƙirga. Haka muka samu wata 'yar Suzuki Vitara 'yar Kwatano, lokacin da Gwaggo ta dage sai an kai ta ta ga ƙanwarta, wadda aure ya kai wani ƙauye kusa da Gembu tun ana Jihar Gongola, kafin a yanko Taraba a 1991.

Kawu ya zagaya motar yana girgiza kai. "Wannan 'yar mitsitsiyar ce za ta hau Mambila?" Direban ya ce, "Alhaji, dutse ba ruwansa da girman mota, giya yake tambaya."

Daga Jalingo zuwa Bali, daga Bali zuwa Serti inda hedkwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take, tafiya ce ta zafi da gyangyaɗi. A Mayo Selbe, gindin dutsen, labari ya sauya. Direba ya tsaya ya bar injin ya huce, ya duba ruwan lagireto, ya bi tayoyi yana bugun su da ƙafa, muka yi Azahar. Sannan ya sa giya ta biyu muka kama Hawan Biyu da Sisi. Kowace kwana sai ya danna oda kafin ya shiga. Gefe guda bangon dutse, ɗaya gefen rami wanda ido ba ya son leƙawa, Gwaggo kuma ta damƙe carbinta tana salati. Kunnuwanmu suka toshe. Can sai na ga kowa yana ɗaga gilashi, sanyi ya shigo.

A sama ne na san daɗin shata. Motar tasha ba ta san ka ba, daga inda ta ɗauke ka sai inda za ta sauke ka. Mu kuwa lokaci namu ne. Tuddai shar da ciyawa har iyakar gani, shanun Fulani ƙosassu suna kiwo cikin hazo, layukan itacen turare sun kewaye gidaje. Gwaggo ta ce a tsaya, aka tsaya a Maisamari ta sayi man shanu. Muka ratse ta Kakara don kawai mu ga gonar ganyen shayi, mu da muka tashi muna shan shayi ba mu taɓa ganin itacensa ba. A Nguroje muka ci ayaba da fiya har muka ture.

Ƙauyen ƙanwar Gwaggo ba ya kan kwalta, ga shi an kwana ana ruwa, jar laka ta zama kamar kwaɓin gini. Direba ya sauka, ya durƙusa gaban kowace tayar gaba ya murɗa makullinta da yatsu, ya dawo ya ja ƙaramin sandan nan da ke kusa da giya. Kukan injin ya yi kauri, tayoyi huɗu suka kama ƙasa tare, motar ta riƙa rarrafe a hankali ba ta zame ba. Rashin girmanta ya yi mana rana, domin da muka haɗu da wata tsohuwar Land Rover maƙare da buhunan masara a ƙunƙuntar hanya, raɓawa kawai muka yi ta wuce. Har ƙofar gida ta kai mu, tsofaffin nan biyu suka rungume juna suna kuka, laka har gwiwar zanensu.

Saukowa ta fi hawa wuya. Mota ta yi nauyi da tsarabar dankali da wake, direban kuma ya hana kowa hira. Da giya ya riƙe ta har Mayo Selbe, birki sai jefi-jefi, domin a cewarsa wanda ya kwanta kan birki a wannan gangare zai ji ƙaurinsa kafin ya kai rabi.