Zane a Kan Zane: Yini Guda da Kawuna a Gidan Dillancin Fasaha

Mahaifina masassaƙi ne a wani ƙauye da ke tsakanin Malbaza da Galmi. Turmi da taɓarya da akushi da ƙotar fartanya da allon almajirai, duk sun fito daga hannunsa har tsawon shekara arba'in. Ya rasu shekara shida da suka wuce, Allah Ya jiƙansa, kuma babu ko ɗaya daga cikin kayan nan da ke ɗauke da sunansa. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin rashi ba, sai ranar da na shiga gidan Nike da ke Lekki a birnin Legas.

A hutun bara ne na bi ta Birnin Ƙonni, na ƙetara Illela ta Najeriya, na bi ta Sakkwato har Legas, wurin kawuna da ke dillancin albasa a kasuwar Mile 12. Bincikena na digiri na biyu a kan kalmomin sana'a ne a Hausar Ƙonni, saboda haka na ƙudurta in ga yadda ake cinikin aikin hannu a babban birni. Na aika wa Kawu saƙo ta waya cewa gobe ina son ya raka ni gidan da ake sayar da zane. Da safe sai ga shi da kuɗi a aljihu, wai zai saya wa matarsa turmi biyu na atamfa. Laifin ba nasa ba ne. A baki, zanen ɗaurawa da zanen alƙalami sun bambanta ta tsawon wasali da karin sauti, amma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga cikin biyun. Abin da muke haddacewa a aji, ranar na gan shi da idona.

Sai dai Kawu bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Mai gidan, Nike Davies-Okundaye, wadda aka haifa a Ogidi ta jihar Kogi a 1951, da rinin adire ta yi suna, wato zanen Yarabawa da ake yi wa ado kafin a tsoma shi a baba. Ta buɗe wannan gida na Lekki a 2009, bene ne mai hawa biyar, cike da dubban ayyuka na masu zane da masu sassaƙa na zamani. Mun tsaya gaban wani adire, na ce masa: "Kawu, ga zane a kan zane." Ya yi dariya ya ce boko bai bar ni haka ba.

Dariyar ta yanke sa'ad da muka iso inda aka jera siffofin mutane na itace da ƙarfe. Ya ja ya tsaya, ya dube ni, ya ce: "Mushe, gidan gumaka ka kawo ni?" Na yi shiru, domin kalmomin da nake da su duka ba su isa ba. Gunki abin bauta ne, kuma babu mai bauta wa waɗannan. Mutum-mutumi kuwa yana tuna wa Bahaushe abin da ake kafawa a gona don korar tsuntsu. Hoto aro ne daga Ingilishi, kuma na'ura ke ɗaukarsa. Daga ƙarshe na ce: "Kawu, sassaƙa ce." Wannan kalma ba ta faɗin abin da aka siffanta, aikin hannun kawai take ambata.

Ba zan ce ya sauya ra'ayi ba. Har muka fita yana kau da kai daga duk abin da ke da fuska, kuma ni ban ga dalilin yin gardama da shi a kan abin da ya riƙe na addini ba. Amma ya matsa kusa da wani aiki marar fuska, ya daɗe yana duban sawun gizago a jikin icen, sa'an nan ya ce a hankali: "Wannan hannun ya san itace, kamar na babanka." A nan na gane cewa kalma guda na iya rufe wa mutum ƙofa, wata kuma ta buɗe masa ita ba tare da ya saki abin da ya yi imani da shi ba.

Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne yadda ake cinikin. Na yi masa bayanin yadda irin waɗannan gidaje ke aiki a duniya: gida ya ɗauki mai zane, ya baje kolin aikinsa, ya nemo masu saye, ya tsaya masa a kan farashi, sa'an nan ya cire kasonsa, wanda sau da yawa yakan kai rabin kuɗin. Kawu ya riƙe baki. "Ashe ƴan'uwana ne dillalai," in ji shi, "amma la'adar tasu ta yi ƙiba." Ya yi ɗan nazari, ya ƙara da cewa wanda ya sauki baƙo, ya adana masa kaya wata da watanni, ya tsaya masa a gaban mai saye, ya wuce dillali, ya zama fatoma.

Cikin minti guda Kawu ya ba ni abin da na rasa a ƙamus. Abin da Faransanci ke kira galerie ba gidan tarihi ba ne. A Gidan Tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, kayan da ke cikin ɗakunan nuni na ajiya ne, ko da yake masu sana'a na sayar da nasu a harabar. Ba kuma shago ba ne, domin mai shago bai damu da wanda ya ƙera hajarsa ba. Gidan dillancin fasaha ya fi kusa da ma'anar. Kalmomin ma suna da nasu tarihi: dillali da la'ada daga Larabci suka zo, haka ma fasaha, wadda asalinta ƙwarewar harshe ce kafin mu miƙa ta ga hannu.

Duk da haka akwai inda kwatancen ya tsaya. Mai sayen albasa yakan tambayi ta Galmi, sunan gari ke nan, ba na manomi ba. A gidan dillancin fasaha kuwa sunan mutum shi ne rabin hajar. Zanen Tutu na Ben Enwonwu, da aka yi gwanjonsa a Landan a 2018, ya kai fam miliyan 1.2. Fenti da ƙyallen da ke jikinsa ba su kai ko kusa da haka ba. Kada kuma mu ɗauka wannan harka ta nesa da mu ce, domin a Zariya aka kafa ƙungiyar ɗaliban zane a 1958, su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, waɗanda suka aza harsashin fasahar zamani a Najeriya. A gida ma muna da misali: Falke Barmu, wanda ya gina masallacin Yaama a ƙasar Illela tun 1962. Duniya ta san sunansa ne bayan masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Magina nawa ne irinsa da babu wanda ya rubuta su?

Da na koma ƙauye, na zaga gidaje ina tambayar tsofaffin mata wanda ya sassaƙa turamensu. Ba su yi jinkiri ba. Wata ta bugi gefen nata da taɓarya, ta ce na mahaifina ne, ko a cikin duhu ta san amonsa. Ashe sunan yana nan, a baki yake ba a itace ba, kuma ranar da waɗannan iyaye suka kau zai kau tare da su.

Tun daga lokacin na ƙara tambaya guda a takardar bincikena. Da can nakan tambayi sunan abu, da na sassansa, da na kayan da ake yinsa da su. Yanzu nakan ƙara da cewa: wa ya yi shi? Ina roƙon ƴan'uwana ɗalibai masu fita tattara kalmomi a ƙauyuka su riƙa yin wannan tambaya, su kuma rubuta amsar.