Daga Kano Zuwa Manchester: Ina Fanshon Wanda Ya Bar Gida Yake Kwana?

A 'yan shekarun nan da wuya ka shiga babban asibiti a Arewa ba ka ji an ce likita wane ko nas wance sun tafi ba. Wasu Saudiyya, wasu Kanada, da yawa kuma Birtaniya, musamman tun 2020 da ƙasar ta buɗe biza ta musamman don ma'aikatan lafiya. Kullum ana maganar giɓin da suka bari a ɗakunan majinyata. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne makomar kuɗin da aka yi shekaru ana yanka daga albashinsu domin ranar tsufa, da ɗan abin da suka tara domin karatun 'ya'ya. Wannan tambaya ce ta fitar da ni daga Kano, na raka 'yar yayata, ma'aikaciyar jinya da ta ajiye aiki a wani asibitin tarayya bayan ta samu gurbi a arewacin Ingila.

Kafin mu kama hanya sai da muka biya ofishin kamfanin da ke kula da kuɗin fanshonta. Tana zama ta faɗi abin da ke ranta: "Malam, tunda ba dawowa aiki zan yi ba, a haɗa mini kuɗina duka in tafi da su." Jami'in ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, kuɗinki ne, babu mai taɓa su, amma doka ba ta ce a ba mutum don kawai zai bar ƙasa ba."

Daga nan ya warware mana zare da abawa. Tsarin fanshon karo-karo ya soma ne a 2004, zamanin Obasanjo, aka sabunta dokar a 2014. Ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki yana zuba aƙalla kashi 10, duk su tafi asusu mai sunan ma'aikacin da lambarsa, ƙarƙashin sa idon hukumar PenCom. Asusun ba ya mutuwa don mutum ya ajiye aiki. Ana ci gaba da juya kuɗin har ya kai shekara 50. Wanda bai kai haka ba, idan ya yi wata huɗu babu aiki, yana iya neman kashi 25 cikin ɗari, sau ɗaya tak. Abin da ke yankewa ranar da aka bar aiki shi ne inshorar rai ta ma'aikata, wadda ke biyan iyali ninki uku na albashin shekara idan ta Allah ta kasance.

Ya kuma lissafa mata abin da ya kamata ta gyara tun tana gida: sunanta da ranar haihuwarta su yi daidai da na lambar NIN, ta sa adireshin imel maimakon dogaro da layin wayar da za a iya sayar wa wani idan ya daɗe a kashe, ta duba ko an zuba kuɗin watanninta na ƙarshe, ta kuma adana takardar amincewa da ajiye aikinta. Da ta yi maganar kuɗin ruwa, sai ya nuna mata asusu na shida cikin asusun da ake juya kuɗin fansho, wanda aka buɗe a 2021 don masu son a juya kuɗinsu bisa tsarin Musulunci. A nan take ta cike takardar komawa can. Ma'aikatan jihohi irin su Kano da Jigawa, waɗanda ke da nasu tsarin daban, su kam hukumar fanshon jiharsu za su tuntuɓa, domin can yawan shekarun aiki ne ke nuna abin da mutum zai samu.

Muka bi ta Zariya zuwa Kaduna, muka hau jirgin ƙasa zuwa Abuja a Rigasa. A kujerar da ke kallon tamu akwai wani malamin jami'a da zai je Abuja neman biza. Hira ta kai mu kan asusun da ya buɗe wa 'ya'yansa tun suna firamare, da niyyar babban ya yi digiri na biyu a waje. Ya ce lissafin nan ya rushe ba tare da ya ciri ko kwabo ba. Kafin watan Yunin 2023, da aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Wato Naira miliyan biyar da a da za ta sayi kusan dala dubu goma sha ɗaya, ta koma ba ta wuce dubu uku da 'yan ɗaruruwa ba. A ƙarshen 2024 kuma hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari. Har muka isa tashar Idu yana nanata cewa adadin da ke takarda yana ƙaruwa, abin da zai iya saye kuwa yana raguwa. Wannan ciwo ɗaya ne da ke cin fanshon duk wanda ya tafi ya bar shi a Naira, kuma shi ya sa bai kamata a ɗauke shi a matsayin madogara guda ɗaya ba.

A filin jirgin Nnamdi Azikiwe na zauna kusa da wani likita da ya zo hutu daga Saudiyya. Ya ce su can baƙo ba shi da fansho sam. Abin da dokar ƙwadago ta tanada kuɗin sallama ne: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, sannan cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka. Dunƙule ɗaya ake ba mutum, in ya kashe shi ke nan. Saboda haka shi da kansa yake yanka wa kansa fansho duk wata, ya ajiye inda hannunsa ba ya saurin kaiwa.

Bayan sa'o'i shida da wani abu a sama muka sauka Heathrow cikin yayyafi da sanyin Oktoba. Daga tashar Euston jirgin ƙasa ya ratsa da mu ta koren filaye da tsofaffin garuruwan masana'antu, cikin awa biyu da 'yan mintoci muka isa Piccadilly a Manchester. Masaukinmu yana unguwar Cheetham Hill, inda shagunan naman halal da masallatai da masu sayar da doya da manja suka jeru a titi ɗaya. Da daddare 'yan gida suka taru a kan tuwon shinkafa da miyar kuka don yi wa baƙuwa maraba, a nan kuma na ji ɗaya ɓangaren labarin.

Wani matashi mai aikin kula da tsofaffi ya ba ta shawarar ta fita daga fanshon wurin aiki da zarar ta karɓi albashin farko, kamar yadda shi ya yi. Hujjarsa ba ta wasa ba ce: ga haya, ga harajin ƙaramar hukuma, ga kuɗin wuta da gas, ga mahaifiya da ƙanne a gida suna jiran aike. Ya ce shi ba zai tsufa a nan ba, don me zai bar musu kuɗi? 'Yar yayata ta juyo ta ce, "Kawu, kai me ka gani?" Kafin in buɗe baki uwar gidan, wadda ta daɗe tana aikin jinya a can, ta karɓi zancen.

Ta ce tun 2012 doka ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya sa duk ma'aikacin da ya kai shekara 22 kuma yake samun sama da fam 10,000 a shekara cikin tsarin fansho. Mafi ƙarancin abin da ake zubawa kashi 8 ne, aƙalla 3 daga aljihun mai aikin, gwamnati kuma tana ƙarawa ta hanyar rangwamen haraji. Wanda ya fita bai ceci nasa kaɗai ba, ya yafe wa kamfani nasu kason ne. A hukumar lafiya ta NHS abin ya fi haka nauyi: kason hukumar ya haura kashi 23 cikin ɗari, kowace shekarar aiki tana ƙara wa mutum kashi ɗaya cikin 54 na albashinsa a fanshon da za a riƙa biyansa har ƙarshen rayuwa, kuma in ya rasu yana bakin aiki iyalinsa za su karɓi ninki biyu na albashin shekara. Kuɗin nan ba sa ɓacewa don mutum ya koma Kano. Suna nan da sunansa, a fam, har lokacinsu ya yi. Masu gudun riba ma an yi musu tanadi, domin asusun NEST, wanda gwamnati ta kafa, yana da reshen da ke bin ƙa'idojin shari'a. Matashin nan ya yi shiru, daga bisani ya tambayi yadda ake komawa.

Na ƙetara tsaunukan Pennines zuwa Bradford don gaida wani dattijo da ya shafe mafi yawan rayuwarsa a can, wanda yanzu ba shi da burin da ya wuce komawa Zariya. Shi ya buɗe mini ido kan fanshon gwamnati, wanda ya bambanta da na wurin aiki. Sai mutum ya yi aƙalla shekara 10 yana biyan inshorar ƙasa kafin ya samu wani abu, shekara 35 kafin ya samu cikakke, ana kuma fara biya a shekara 66, wadda ake ɗagawa zuwa 67 kafin ƙarshen 2028. Ana aika wa mutum ko ina yake a duniya. Sai dai wanda ya koma Najeriya ko Ghana, ko ma Kanada da Ostireliya, kuɗinsa na tsayawa cak a inda suke ranar da ya tafi, babu ƙarin shekara-shekara da mazauna Birtaniya da Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai ke samu. Dattijon ya ce da ni, "Ɗana, gida zan koma ko da haka, amma da idona a buɗe zan koma."

Batun karatun yara ne ya fi tayar wa iyayen da na zanta da su hankali. Makarantar gwamnati kyauta ce har ƙarshen sakandare, shi ya sa da yawa ke sakin jiki. A ƙofar jami'a ake gane bambanci. Ɗalibin gida a Ingila ba ya biyan sama da fam 9,535 a shekarar karatu ta 2025/26, kuma yana iya cin bashin gwamnati. Amma galibi sai yaro yana da izinin zama na dindindin, ya kuma yi shekara uku a ƙasar, kafin a lissafa shi ɗan gida. In ba haka ba kuɗin baƙo zai biya, wanda kan ninka wancan sau biyu ko fiye. Izinin dindindin kuwa, a 2025, bayan shekara biyar ake nemansa, kuma a watan Mayun 2025 gwamnati ta fitar da shawarar mayar da wa'adin goma. Wata uwa da ta zo da ɗa mai shekara goma sha biyar ta ce mini yanzu tana auna ko yaron ya jira, ko ya dawo Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello.

Akwai asusun yara mai suna Junior ISA, inda ake iya zuba har fam 9,000 a shekara ba tare da haraji kan abin da ya haifar ba. Sharaɗinsa shi ne yaron ya kasance mazaunin ƙasar lokacin buɗewa, kuma kuɗin nasa ne, ba mai taɓawa sai ya cika 18. Waɗanda na ga hankalinsu ya kwanta su ne waɗanda suka fara yanke shawarar inda yaro zai yi karatu, sannan suka tara kuɗin da irin kuɗin ƙasar. Mai niyyar Ingila yana tara fam. Mai niyyar gida yana sayen sukuk na gwamnatin tarayya, wanda aka fara fitarwa a 2017, ko fili mai takarda da sunansa, ba da sunan ɗan'uwa ba. Sun kuma riƙa motsa asusunsu na banki a gida, domin wanda ya shekara ba a taɓa shi ba ana ɗaukarsa a matsayin kwantacce, in ya kai shekara goma a haka a miƙa kuɗin ga Babban Bankin Najeriya ya riƙe har mai su ya zo nema.

Abu na ƙarshe da kowa ke kauce wa faɗa shi ne mutuwa. A Najeriya kamfanin fansho ba ya sakin kuɗin mamaci sai da wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar kotu ta kula da gado. A Birtaniya kuma akwai takardar da mutum ke cikewa ya ambaci waɗanda yake so a ba. Musulmin da ke son a raba dukiyarsa yadda Allah ya tsara, wajibi ne ya rubuta wasiyya, ya kuma sanar da magadansa inda kowace ajiya take.

Abin da tafiyar nan ta tabbatar mini shi ne fansho ba ya bin fasfo. Kowace ajiya tana zama ƙarƙashin dokar ƙasar da aka tara ta, kuma babu mai bin ka da ita. Ya kamata PenCom da kamfanonin fansho da ƙungiyoyin likitoci da ma'aikatan jinya su riƙa zaunar da masu shirin tafiya su yi musu wannan bayani kafin su hau jirgi. Kai kuma mai haɗa kaya, ba a fafe gora ranar tafiya: ka gyara takardun asusunka na gida tun yanzu, kada ka fita daga fanshon inda ka sauka, ka kuma fara tanadin karatun 'ya'yanka daga albashin farko.